FALKE BARMU, MANOMIN DA YA GINA MASALLACIN YAMA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga labarin wani mutumin karkara wanda ya kamata kowa shi san da shi. Sunanshi Alhaji Falke Barmu. Mutumin Yama ne, wani ƙauye na ƙasar Adar, cikin yankin Illela, jihar Tawa. Manomi ne, kuma magini. Shi ne ya gina ma mutanen garinsu masallacin Juma'a na ƙasa, wanda labarinshi ya kai har ƙasashen Larabawa da na Turai. An fara aikin cikin shekara ta 1962, an gama cikin 1982. Shekara 20 ke nan.

Akwai dalilin tuna shi. Yau samari da yawa suna ganin sana'ar gida ba ta da daraja. Ɗan magini shina jin kunyar taka laka, ɗan maƙeri shina gudun zuga, ɗan dukawa ba shi son warin fata. Kowa hankalinshi na ga birni. Wanda ya ji abin da Falke ya yi da ƙasa da ruwa da icce, zai sake tunani kafin shi raina abin da ya tarar gidan ubanshi.

SHAWARAR DATTAWA

Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga watan Agusta 1960. Shekara biyu bayan haka, dattawan Yama sunka zauna sunka yi shawara. Garinsu ba shi da masallacin Juma'a, suna son su samu nasu.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ga mazhabar Malikiyya, wadda mutanen ƙasar nan ke bi, ba a tsai da Juma'a sai cikin gari zaunanne, cikin masallaci ginanne, da maza 12 ko fiye ban da liman. Don haka garin da ya yi masallacin Juma'a ya nuna ma maƙwabta ya kafu, ya wuce zango ko tunga.

Dattawan sunka faɗi irin ginin da suke so: ɗaki babba mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai jere-jere ciki suna riƙe da rufi, da gurbin liman wajen alƙibla wanda ya ɗan fito waje. Ba su nemi ado ba. Abin da suke so shi ne wurin da zai ɗauki masallata, shi tsare su daga rana da ruwa. Sai sunka damƙa aikin ga ɗan garinsu, Falke Barmu.

Maginin ƙauye ba shi zana gini bisa takarda. Kayan awonshi igiya ce da turaku da taki da kamu. Shina tsayawa cikin fili shi duba gabas, shi kafa turke, shi ja igiya, shi shata tushe da ƙafa. Sauran lissafi duk shina cikin kanshi: kaurin bango, nisan ginshiƙi da ginshiƙi, yawan tubali, yawan icce. In ya yi kuskure, bango ne zai tona mashi asiri gaban kowa, don cikin ƙauye babu wurin ɓuya.

KOWA DA NASHI AIKI

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Haka aikin Yama ya gudana. Kowane gida ya ba da abin da shike iyawa. Waɗansu sun yi tubali, waɗansu sun kwaso shi zuwa wurin gini. Waɗansu sun shiga daji sun saro icce. Mata su ne sunka yi ta jido ruwan kwaɓa ƙasa.

A duba aikin matan nan da kyau. Gini aikin rani ne, lokacin da tabki ya ƙafe, ruwan rijiya ya yi ƙasa. Duk wadda ta san rijiyoyin Adar da rani ta san wahalar tulu guda. Ga ruwan sha, ga na girki, ga na bisashe, kuma ga na gini. Kowane tubali da ke cikin bangon nan ya sha ruwan da wata mace ta ɗauko bisa kanta. In ana yabon magini, kada a mance da su.

DAMANA GONA, RANI GINI

Magini na ƙauye irin Falke ba shi rayuwa da gini kaɗai. Magidanci ne, kuma abincin gidanshi daga gona shike fitowa. Shekararshi ta kasu kashi biyu.

In ruwan shuka ya sauka, sai shi aje kayan gini shi ɗauki sungumi. Shi da iyalinshi su shuka hatsi da dawa da wake. Su yi noman fari, su yi maimai. Da kaka su yanke, su ɗaure damma, su kai rumbu. Cikin watannin nan babu mai kafa sabon bango, don ruwa zai cinye shi kafin shi bushe. Abin da ake kiran magini shi yi sai gyaran gaggawa: rufin da ke yoyo, ko bangon da ya jiƙe shina shirin faɗuwa.

In an gama kaka, iska ya juya, sai aikin laka shi tashi. Wannan shina son ɗakin amarya, wancan shina son zaure, wani rumbunshi ya tsage. Ƙasar Adar an san ta da manyan rumbuna na ƙasa, masu ciki kamar tulu, waɗanda ke tsare hatsi daga ɓera da wuta da ɓarawo. Iyalin da rumbunsu ya yi yoyo, wahalar damana guda ta tafi banza. Ashe aikin magini shina taɓa tuwon kowane gida.

Lokacin nan ne kuma samarin Adar da yawa ke ɗaura kaya su tafi cin rani Najeriya ko Abijan. Mai sana'ar gini shi ba dole shi tafi ba. Shina kwana gidanshi, shina ganin tashin ɗiyanshi, in wani ya yi ciwo shina kusa. Ladar aikinshi wani lokaci kuɗi ne, wani lokaci hatsi, wani lokaci akuya, ban da fura da goron da mai gida ke kawowa wurin aiki. Da wannan shike cika abin da gona ta rage: tufafin sallah, kuɗin magani, hidimar suna da ta aure. In damana ta yi gardama, sana'ar hannu ita ke rufa ma magidanci asiri.

YADDA YARO KE ZAMA MAGINI

Babu lakwal ɗin da ake koyon wannan aiki cikin ƙauye. Wurin gini shi ne makaranta, kuma mafi yawa gado ne, daga uba zuwa ɗa, ko daga maigida zuwa yaronshi.

Yaro shina farawa da kawo ruwa da ciyawa. In ya ɗan tasa, shi shiga taka laka. Nan ne ƙafarshi ke koyon bambanta ƙasa mai yashi da ƙasa mai danƙo. Bayan nan shi koyi yin tubali da shanya shi. Sa'an nan a sa shi jifa: magini na zaune bisa bango kamar mai hawan doki, yaro na ƙasa shina jefa mashi tubali da curin laka, shi ko shina cafewa. Yaron da ya yi shekaru shina jifa, idonshi ya ga yadda ake jera dubban tubala. Ranar da anka ce mashi shi hau, hannunshi ya riga ya san hanya.

Wanda ya iya bango bai gama ba. Sauran rufi, sauran baka, sauran tulluwa. Waɗannan sai wanda ya daɗe. Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi; wanda bai shiga laka tun shina yaro ba, da wuya shi kai ga nan.

ƘASA DA CIYAWA DA ICCE

Ga yadda ginin ƙasa ke tafiya, don wanda bai taɓa lura ba.

Da fari a zaɓi ƙasa. Mai yashi da yawa ba ta kamawa, mai danƙo da yawa tana tsagewa in ta bushe. Magini shina neman ta tsakiya, ko shi gauraya biyun. A jiƙa ta, a zuba yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a taka. Ciyawar ita ke hana tsagewa. Laka mai kyau ba a aiki da ita ranar da anka kwaɓa. Ana barin ta ta kwana, a ƙara ruwa, a sake takawa, har ta ruɓa ta yi laushi.

Tubali sai ya bushe sarai kafin shi hau bango. Bango kuma ba a tashe shi rana guda. A jera kaɗan, a bari shi sha iska, gobe a ƙara. Gindi shi ne mai kauri, ana hawa ana ragewa, don nauyi shi zauna ƙasa. Mai gaggawa cikin ginin ƙasa shina gina ma kanshi kabari.

Sai rufi. Icce mafi kyau shi ne azara ta giginya, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma giginya ba ko'ina take ba. Cikin Nijar, inda ta fi yawa shi ne Dallol Mawri, wajen Gaya, nesa da Adar. Inda babu ita, sai magina su yi dabara da iccen da dajinsu ya ba su. A jera icce, a shimfiɗa ƙanana bisanshi, a sa zana ko ciyawa, a zuba ƙasa, a daɓe. A karkata rufin kaɗan, a sa indararo mai tsawo don ruwa shi zuba nesa da gindin bango.

Daga ƙarshe yaɓe, shi ne rigar gini. Magabata suna da dabarun ƙara mashi ƙarfi. Akwai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Duk don ruwa shi zame shi wuce, kada shi shiga jikin bango.

GYARAN 1975

Masallacin farko na Yama ya yi aikinshi shekara goma sha. Cikin shekarun nan ƙasa ta ga wahala. Farin 1973 da 1974 ya kashe bisashe, ya bar rumbuna wayam, ya kori mutane da yawa daga garuruwansu. Amma cikin 1975, ga mutanen Yama sun koma ga masallacinsu. Rufi ya gaji, shina son gyara, kuma Falke ne anka sake kira.

Wani magini da sai shi sauke ruɓaɓɓen icce, shi sa sabo, shi karɓi ladarshi. Falke bai tsaya nan ba. Ya sake rufin bisa bakuna, kuma ya tada tulluwa tsakiyar masallacin.

Ga amfanin baka. Icce miƙaƙƙe ba shi iya tsallake fili mai faɗi. In azara ta wuce wajen mita 2 babu abin tokara, nauyin ƙasa shina lanƙwasa ta. Baka ita ke maganin wannan. Magini shina kafa icce cikin bango ko ginshiƙi, shi karkato shi ciki, shi ɗaure da igiya, shi lulluɓe da laka, shi bari ta bushe. Sa'an nan shi ɗora wani bisanshi wanda ya fi shi fitowa. Haka daga dama, haka daga hagu, hawa-hawa, har hannuwan biyu su gamu sama. In sun gamu, kowane shina tokare ɗan'uwanshi, nauyi shina gangarawa cikin ginshiƙai zuwa ƙasa. In bakuna sun gicciye juna anka rufe tsakaninsu, an samu tulluwa.

Wannan fasaha tsohuwa ce ga Hausawa. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Amma can birnin sarki ne, mai dukiya da magina da yawa. Yama ƙauyen manoma ne, kuma wanda ya yi aikin manomi ne.

HASUMIYA HUƊU

Daga 1978 zuwa 1982, Falke ya ƙara ma masallacin hasumiya huɗu, kowace kusurwa da tata, da wuraren shiga. Su ne abin da baƙo ke fara hangowa daga nesa.

Abin mamaki, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Kowace da sifarta. Gindinsu da kauri, suna hawa suna tsukewa, da ɗamara-ɗamara jikinsu, kuma ado shina ƙaruwa in an doshi ƙololuwa. Wanda ya zagaya masallacin zai ga kamar gini huɗu ya gani.

A lura da yadda aikin ya bi sannu. Fari ɗakin salla, don shi ne larura. Bayan shekaru, rufi mai ƙarfi da tulluwa. Bayan nan hasumiyoyi. Haka magidanci mai hankali ke gina gidanshi: ɗaki guda bana, rumbu baɗi, zaure in hali ya samu. Ba a ci bashin abin da ba a iya biya ba, kuma ba a bar aiki ya mutu ba. Da yayyafi kogi kan cika.

LABARI YA KAI NESA

Akwai wata kyauta ta duniya da ake ba gine-gine mafi kyau na ƙasashen Musulmi. Aga Khan, wanda lokacin nan shi ne shugaban Musulmi Isma'iliyya, shi ya kafa ta cikin 1977. Shekara uku-uku ake ba da ita. Kafin alƙalai su yanke, ana aiko masani shi zo shi ga ginin da idonshi, shi tambayi masu amfani da shi.

Cikin 1986, ayyuka 6 sunka ci wannan kyauta, anka yi bikin birnin Marakesh na ƙasar Maroko. Cikinsu akwai gyaran masallacin Ƙudus, da gyaran tsohon birnin Mostar na ƙasar Turai, da wani babban ginin ma'aikata na Istambul, da unguwar gidaje ta Kasabalanka, da masallacin Bong na Pakistan. Cikon na shida shi ne masallacin Yama. Sunan manomin Adar ya shiga littafi guda da na manyan masu zanen gine-gine da sunka yi karatu jami'a.

Kafin shi, cikin 1983, wani magini na ƙasar Mali, Lasina Minta, ya samu irin wannan kyauta saboda masallacin ƙasa na garin Niyono. Sau biyu ke nan jere, masanan duniya sunka shaida ginin laka na ƙasashen Sahel ba aikin rashi ba ne, ilimi ne.

Daga nan hotunan Yama sunka shiga littattafai. Ɗalibai masu koyon gini cikin ƙasashe masu nisa suna duba su, suna nazarin yadda anka yi.

ABIN DA YA FARU DANDAJI

Aikin Falke bai tsaya garinsu ba. Tsohon masallacin Juma'a na Dandaji, wani gari na jihar Tawa, shi ma aikinshi ne. Da shekaru sunka tafi, ginin ya lalace, kuma ya yi ma jama'a kaɗan.

Mata biyu masu zanen gine-gine sunka ɗauki aikin: Mariyama Isufu Kamara, ƴar Nijar, da Yasaman Isma'ili, ƴar ƙasar Iran. Ba a rushe tsohon masallacin ba. An gina sabo babba kusa da shi, da tubalin ƙasa wanda ake matsawa da inji. Tsohon ko anka gyara shi, anka mai da shi ɗakin littattafai da wurin karatu. Wurin gyaran, an nemo maginan da sunka yi aikin farko, don su sunka san sirrin bangon. An gama cikin 2018, kuma wannan aiki shi ma ya ci kyaututtuka ƙasashen waje.

A nan akwai abin lura. Masu ilimin takarda sun zo da nasu, amma ba su wadatu ba sai da sunka nemi tsofaffin magina. Da a ce babu sauran wanda ya koyi aikin, da wa za a tambaya?

GININ ƘASA SHINA SON KULAWA

Ginin ƙasa shina da amfani wanda kowa ya sani. Da bazara cikinshi sanyi, da ɗari cikinshi ɗumi. Ɗakin kwano ko da tsakar rana ba shi zaunuwa. Ƙasa tana nan bakin gari, ba a sayen ta, ba a biyan kuɗin mota. Siminti ko, ko da na Malbaza ne da ke cikin jihar Tawa, sai da kuɗi hannu. Kuɗin da anka ba maginin gari kuma cikin gari suke zama.

Amma shina da sharaɗi guda: ba a gina shi a juya mashi baya. Ruwa shi ne abokin gabanshi. Damanar 2024 ta nuna haka. Ruwa ya yi yawa ƙwarai, mutum fiye da 300 sunka rasu cikin Nijar, gidaje dubbai sunka faɗi. Cikin watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni ta Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya rushe. Mutane da yawa sun yi baƙin ciki.

Ga kuma hasumiyar Agadas, mai tsawon mita 27, ita ma ta ƙasa ce, ta daɗe ƙwarai, ana sake mata yaɓe lokaci-lokaci. Cikin 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya.

Don haka, kafin ruwan fari shi sauka, kowane mai gida shi yi waɗannan:

Shi hau rufi shi share, shi cike ramu, shi daɓe.

Shi duba indararo. In ya toshe ko ya karye, shi gyara.

Shi bi bango shi toshe kowace tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Shi tara ƙasa gindin bango, shi yi ma ruwa hanya, kada shi kwanta jikin gini.

Shi duba icce ko gara ta shiga.

Wanda zai shafa siminti bisa bangon laka shi yi hattara. Siminti da laka ba su kama juna sosai. In ya tsage, ruwa shina shiga bayanshi shi ɓuya, bango shina ruɓewa ciki, waje ko ana ganin lafiya lau.

Kuma kada a gina ɗaki cikin hanyar ruwa ko cikin fadama, ko da fili ya yi araha.

MAGANAR ICCE

Wata wahalar magina ta yau ita ce icce. Dajin da mutanen Yama sunka shiga cikin 1962 ba shi ne na yanzu ba. Fari da gatari sun rage shi. Azara ta yi tsada.

Akwai hanya biyu. Ta fari, gini marar icce. An fara gwada shi cikin Nijar cikin 1980, garin Cikal na yankin Filinge. Ana rufa ɗaki da tubali tsantsa, a yi tulluwa ko rufi mai lanƙwasa, babu azara ko guda. An koya ma magina da yawa wannan aiki. Ta biyu, sassaben zamani, wanda ya yaɗu daga jihar Maraɗi tun wajen 1984: manomi shi bar tsiron icce cikin gonarshi, shi rage rassa, shi bar masu ƙarfi su girma. Mai yin haka shina tanada ma ɗiyanshi iccen rufi.

ABIN DA YA RAGE GA MAGIDANTA

Falke Barmu bai bar garinsu ya tafi neman suna ba. Ya yi nomanshi, ya riƙe sana'arshi, ya yi ma mutanensu aikin da sunka sa shi, ya kyautata shi iyakar iyawarshi. Suna ne ya biyo shi har gida.

Kowane gari shina da irin nashi: magini, ko maƙerin da ke gyara hauya, ko mai haƙar rijiya, ko baduku mai ɗinka wasaki, ko mai ginin tukwane. Mafi yawansu babu wanda zai ba su kyauta. Amma ranar da ɗayansu ya kwanta dama bai bar magaji ba, gari zai gane abin da ya rasa. Abin da ke cikin kanshi ya bi shi kushewa.

Don haka, mai sana'a shi jawo ɗanshi kusa, ko ɗan maƙwabci in shi ke so. Kada shi ɓoye sirrin aiki har shi tafi da shi. Yaro shi tafi lakwal da safe, ranar hutu shi zo wurin gini. Karatu da sana'a ba su faɗa da juna. Maginin da ya iya karatu da lissafi shina rubuta yawan tubali da kuɗin aiki, babu mai cutar shi, kuma shi ma ba shi cutar kowa.

Ku kuma da kunka shiga yaƙi da jahilci kunka iya riƙe alƙalami, ga aiki ya same ku. Ku je wurin tsofaffin masu sana'a na garinku tun suna da rai. Ku tambaye su wa ya gina masallaci, wace shekara, wa ya haƙa rijiya, ina ake ɗebo ƙasa mai kyau, yaya ake haɗa makuba. Ku rubuta cikin littafinku, ku aje. Ku karanta ma yara da dare. Masu gari kuma su sa rana guda kowace shekara, bayan kaka, a yi gayyar yaɓen masallaci da makaranta, yadda mutanen Yama sunka haɗa hannu tun farko.

Wanda hanya ta bi da shi ƙasar Illela, shi ratsa Yama shi gani da idonshi.

Allah shi saka ma Alhaji Falke Barmu da alheri, shi da mazan da sunka yi tubali da matan da sunka jido ruwa. Allah shi sa albarka ga sana'ar kowa, shi ba da damana mai albarka, shi tsare gidaje da rumbuna. Amin.